Ranar da Muciya ta Ɗaura Ambirayaj

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa motar aiki a ƙasar Dakoro. Idan aka ce in ɗauko rana guda da ta ƙi fita raina, ba ranar da muka kafe a tudun rairayi zan ɗauko ba, ba kuma ranar da raƙumi ya zuro kai ta taga ya cinye mini biredi ba. Wata Lahadi ce da na wuni kwance cikin rami a tsakar gidana, ƙarfe mai nauyin buhun gero yana lilo a bisa ƙirjina. Ku sababbin matuƙa da kuke yawan tambayata abin da ya sa ba na juya wa mota baya idan an kai ta gareji, to yau za ku ji.

Shekara uku ke nan kafin in aje aiki, ina shofer a wani furoje, wato shiri na lafiyar dabbobi. Ga wanda bai san aikin ba, duk shekara bayan kaka mukan fita zagayen allurar rigakafi. Mota guda ce, katkat, irin mai ja da tayoyi huɗu, mai buɗaɗɗen baya. Shef, wato shugaban tafiyar, a gaba kusa da ni, masu allura biyu a baya tare da akwatunan sanyi da ake zuba maganin. Makiyayi ba shi da ƙofar gidan da za a buga, don haka kafin a fita sai an aika wa kowane arɗo ranar da za a zo da rijiyar da za a haɗu. Shi kuma ya tara shanun mutanensa ya jira. Jiran nan ba ƙaramin abu ba ne. Garkuna da yawa idan suka kwana uku a wuri guda sai su share ciyawar wurin tas, shanun su fara ramewa suna tsaye.

Shef ɗinmu Dokta Rakiya ce, likitar dabbobi, shekararta ta biyu a wurinmu. A shekarar farko magani ya makara bai iso ba, wani Arɗo Bammo ya jira ta kwana huɗu a wata rijiya arewa da Azagor, ya gaji ya tashi, daga baya ciwon huhu ya shiga garkensa ya yi masa ɓarna. Abin ya tsaya mata a rai. Da lokaci ya zagayo ba ta aika ba, da kanta ta same shi ranar kasuwa, ni na kai ta. Ta ce masa Litinin mai zuwa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Likita, ina jiranki hal rana tsaka. In ba ki zo ba, kada ki ƙara aiko mini kowa."

Ranar Alhamis muna dawowa daga Ajekoriya mota ta fara yi mini gardama. In taka, inji ya yi ta ihu, ita kuma tana tafiyar amarya. Ga wani ƙauri yana tasowa ta ƙarƙashin kujera. Na san ko mene ne. Ambirayaj ne, wanda maƙwabtanmu na kudu ke ce wa kuloci. Faifai ne da ke tsakanin inji da bwat, wato akwatin da ke canza gudun mota. Idan faifan ya cinye, ƙarfin inji ba ya kaiwa ga tayoyi. A kan kwalta za ka iya lallaɓawa, amma a rairayin arewa ko zira'i goma ba za ka yi ba. Kuma tunda na aje aiki zan faɗi gaskiya, ni na cinye shi. Ina da ɗabi'ar ɗora ƙafa a kan fedal ina hutawa, an yi mini magana ya fi sau ɗari.

Mai yi mini maganar shi ne Sallau makaniki, wanda furoje ya sa hannu da garejinsa. Sallau taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Shi ya ce mini bawansa, ni in ce masa tsohon kunkuru. Shekara goma sha tara ina kai masa mota. In na kai, sai in ja benci ƙarƙashin bishiyar bedi, in juya wa motar baya, in ɗora shayi, in shiga ba masu wucewa labari cewa aikin makaniki kwance ƙusa ne da ɗaure ƙusa, in da hannuna ne da tuni na gama. Shi kuwa sai ya ce, "Bawana, zuba mini na biyu."

To wannan makon Sallau yana Maradi, an yi masa aikin yanar ido, matarsa na jinyarsa. Gareji a rufe. Ƙa'idar furoje kuma ita ce motar aiki gareji guda take zuwa. In za a kai ta wani wuri sai an rubuta takarda ta tafi babban biro, wato ofis, ta dawo, ita kuwa takarda ba ta san sauri ba, mako guda ne aƙalla. Sabon ambirayaj yana nan cikin kwalinsa a magaza, ɗakin ajiyar furoje, tun watan jiya aka sayo ana jiran Sallau ya sami sarari.

Safiyar Juma'a na sami Dokta a biro na faɗa mata. Ta aje alƙalaminta, ta dafe kai.

"Malam Lawali, Litinin fa."

Nan ne baki ya yanka wuya. Na ce, "Dokta, kwantar da hankalinki. Sa mini hannu a matsayin ƙaramin gyara, in tahi da ita gida. Shekara sha tara ina ganin ana yin aikin ga."

"Ka taɓa yi da hannunka?"

"Gani ai ya kori ji," in ji ni. Ban amsa tambayarta ba, ita ma ta lura, amma ba ta da wata dabara. Ta sa hannu.

Bayan sallar Juma'a na lallaɓa motar har gida. Filin biro siminti ne, ba a iya gina rami, gidana kuwa rairayi ne. Na shigo da ita tsakar gida, na tsayar da ita daidai inda uwargida Habsu ke aje turmi. Ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta dubi motar, ta dube ni.

"Baban Nana, ka kira Sallau ka tambaye shi mana."

"In kira wa? Mutumin da ko hancinshi bai gani yanzu? Kuma in na tambaye shi, hal in mutu duk sunan da aka yi a dangi sai ya ba da labari. Ke dai ja turminki can, wanga aikin maza ne."

Ta ja turminta. Ni kuwa da ina da wayo da na tsorata tun daga nan.

Na kira maƙwabcina Idi mai ginar rijiya. Mutum ne da maganarsa a wuni ba ta cika cokali ba, amma kafin magariba ya gina mini rami mai kyau, ya tokare gefensa da itace don kada rairayi ya rufto, muka turo motar a kai. Ranar Asabar da hantsi na shiga. Na cire batir, na kwance sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, na cire sandar canza gudu ta cikin mota. Kowace ƙusa na jera ta a kan tiren shayi bi da bi. Har nan komai daidai, har ina 'yar waƙa.

Saukar da bwat ce ta fara nuna mini cewa kallon kitse nake yi wa rogo. Abin ya fi ƙarfin mutum biyu, jak ɗin ɗaga mota kuma nutsewa yake yi cikin rairayi. Idi ya leƙa, ya koma gida ya dawo da igiyar rijiya da wani kakkauran itace. Ya naɗe itacen da buhu, ya gitta shi a kan tagogin ƙofa biyu, ya zuro igiyar ta ramin da sandar canza gudu ta bari, na ɗaure bwat da ita. Ya riƙa sassautawa sannu a hankali yadda yake saukar da mutum cikin rijiya. Bwat ta ja baya ta rataye. Mutanen unguwa da suka taru suka yi kabbara, ni kuma na fito da kai daga rami na amshi yabon kamar dabarata ce.

Na kwance murfin da ke danne faifan. Tsohon faifai ya fito siriri, ya ƙone baƙi ƙirin. Na goge wurin, na manna sabo da hannu, na ɗora murfi, na ɗaure ƙusoshi tamau. Kafin la'asar na gama. Na ce wa Habsu ta dafa shinkafa gobe, don da hantsi zan kammala.

Saura a mayar da bwat. Ita bwat tana da wani dogon ƙarfe a gaba mai haƙora, wanda dole ya ratsa ta ramin tsakiyar faifan, kansa ya shige wani ƙaramin rami a jikin inji. Idi ya ja igiya, na tura. Ta shiga, ta shiga, saura yatsa biyu ta haɗe da inji sai ta cije. Muka ja baya muka sake. Yatsa biyu. Na girgiza ta hagu, na girgiza ta dama, na sa ƙafa na tokara. Yatsa biyu. 'Yan kallo kowa ya zama makaniki: wannan ya ce a shafa man gyaɗa, wancan ya ce kayan ba na motar ba ne, wani tsoho ya ce a yi wa motar tofi. Aka kira magariba muna nan.

Idi yana naɗe igiyarsa ya yi doguwar maganarsa ta shekara. Ya ce, "Ni dai abin da na sani, in bakin rijiya bai daidaita da gindinta ba, komi ƙarhinka siminti bai sauka." Na ce masa mota ba rijiya ba ce, ya je ya huta.

Lahadi tun da sassafe muka koma. Hantsi ya yi, rana ta take. Fatar yatsuna ta saɓule, baƙin mai ya cika mini gemu, ga igiya ta fara cin hannun Idi. 'Yan kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi surutunsu ciwo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Dokta ta kira salula ta ce yaya ake ciki, ta riga ta sa an shirya akwatunan magani. Na ce mata saura ƙiris. Ban yi ƙarya ba, yatsa biyu ai ƙiris ne. Amma da na kashe wayar sai na jingina da bangon ramin. Na tuna fuskar Arɗo Bammo yana kallon ƙasa. Ba sunana ne zai ɓaci a wurinsa ba, don bai ma san sunana ba. Na ɗauki alkawarin matar nan na shiga rami da shi saboda kurin banza. Tsoro ya kama ni sosai, kunya kuma ta fi tsoron.

Bayan azahar na yanke shawara irin ta wanda ya rasa dabara. Na ce zan sa dogayen ƙusoshi in ɗaure da ƙarfi, su jawo bwat ta haɗe ko tana so ko ba ta so. Na sa ta farko, na ɗora kile, wato abin ɗauri, na fara murzawa. Sai na ga ƙafafun Habsu a bakin rami. Ta durƙusa, ta miƙo salularta a buɗe, a ɗaya hannun ga muciyarta.

Murya ta fito daga wayar. "Bawana, aje kile ɗin nan."

Muryar Sallau ce. Ashe tun jiya da yamma Habsu ta kira matar Sallau, wai gaishe da mai jiki, suka yi ta hira har labarin mota ya shigo. Yau kuma da ta ga ido na ya yi ja ta sake kira.

"Wa ya ce maka kile na riƙe?" in ji ni.

"Na san ka tun kana yawo ba wando. Saura yatsa biyu ko? Kuma kana shirin jawo ta da ƙarhi. Murza sau ukku ka fasa faifan, ka fasa bakin bwat, sannan ka tahi ka gaya ma likita ta ɗauki allurarta bisa jaki."

Na aje kile.

"Da mi ka daidaita faifan kahin ka ɗaure murhi?"

"Da ido."

Sallau ya yi dariya har na ji matarsa tana cewa ya yi a hankali kada ɗinkin ya buɗe. Ya ce, "Ni da ido ɗaya a naɗe, daga Maradi, na hi ka gani. Ramin faifai da ramin inji dole su zama saiti ɗaya, ko da kaurin gashi suka saɓa ba ta shiga. Ni da guntun ƙarhen tsohuwar bwat nake yi. Yana rataye bisa ƙusa a gareji, kullum a gabanka nake ɗauko shi. Amma ina za ka gani, shekara sha tara ƙeyarka ke kallon mota." Ya numfasa. "Ba ka da ƙarhen, amma Habsu na da muciya. Icce ne mai tauri kuma miƙaƙƙe. Feƙe kan shi shiga ramin inji cif, bayanshi kuma shi cika ramin faifai cif. In ta yarda ta ba ka."

Na dubi Habsu. Muciyar nan da ita ta zo gidana, hannunta ya cinye mariƙin har yana sheƙi. Ta juya ta a hannu ta ce, "Na ji an ce aikin maza ne."

"Ki yi haƙuri, Habsu."

"Ban ji ba, ramin da zurhi."

Na maimaita da ƙarfi, har Idi da ke cikin mota ya ji, ya kau da kai yana murmushi. Ta miƙo mini.

Muka ja bwat baya. Na sassauta murfin. Na zauna da wuƙa ina feƙe muciya, in gwada, in ƙara feƙewa, Sallau na kan waya yana tambayata ko tana rawa. Da ta zauna daram na zura ta, sai na ji faifan ya ɗan gusa. Bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba. Wannan ne ya hana ni barci, ya hana gidana tuwo. Na ɗaure ƙusoshin murfi kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi, yadda Sallau ya ce, na zare muciyar. Idi ya ja igiya, na yi bisimilla na tura da tafin hannu ɗaya. Ta shige har ƙarshe, ta ce ƙwas.

"Na ji," in ji Sallau. "To bawana, sauran kwance ƙusa ne da ɗaure ƙusa, wannan kai ne gwani." Ya kashe wayarsa.

Kafin magariba na mayar da komai, tire ya koma wayam, ko ƙusa guda ba ta yi saura ba. Na zagaya da ita bayan gari, na hau wani tudu da gangan, ta haye ba gardama. Ranar kunun gero aka dama mana, don babu abin tuƙa tuwo.

Litinin bayan asuba muka ɗauki hanya. Sabon ambirayaj ba a matsa masa, ga rairayi, ga wata taya da ta yi faci a hanya, saboda haka ba mu hango rijiyar ba sai da rana ta yi sama sosai. Abin da na fara gani shi ne jakuna a tsaye an riga an ɗaure musu kaya. Kewayen rijiyar babu ko tsinken ciyawa. Arɗo Bammo yana zaune shi kaɗai a kan buzu. A gabansa ya kafa wata sanda a ƙasa, ya ja layi a rairayi. Inuwar sandar saura taƙi guda ta taɓa layin.

Ya miƙe ya gaida Dokta. Ya ce tun jiya 'yan'uwansa suka so tashi, ya ce musu sai inuwa ta hau layi, don ya faɗa wa likita rana tsaka, shi ma ba ya son a ce bai cika ba. Ya ɗaga hannu, aka fara sauke kayan jakuna, aka koro shanu. Dokta ta juya baya kamar tana duba akwatin magani, amma na ga tana share ido da gefen gyalenta.

Da aka gama garken farko ta nuna ni ta ce, "Arɗo, ga wanda ya kawo mu. Mota ta lalace, shi ya gyara ta da hannunshi a gida." Arɗo ya dubi yatsuna. Ga yabo ya zo har gida, irin wanda na saba amshewa hannu bibbiyu. Amma idona na kan layin nan na rairayi, sai na kasa. Na ba shi labarin duka, da kurin, da ramin, da mai ido ɗaya na Maradi, da muciya. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Sannan ya sunkuya ya tuge sandar da ya kafa, ya kakkaɓe ta, ya miƙo mini.

"Icce ne mai kyau," in ji shi. "Kai ma uwargida, a sassaƙa mata wata."

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Motar aiki ba ƙarfe kaɗai take ɗauke da shi ba, akwai maganar da wani ya ba wani, kuma shofer ba shi da ikon yin caca da ita. Shi kuma makanikin da kake ganin yana ɓata maka lokaci, wataƙila a daidai lokacin yana neman ƙwayar geron nan biyu ne. Da Sallau ya warke na kai masa motar ya duba. Ya shiga ƙarƙashi ya fito, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, sai ya ce in ɗora shayi. Na ɗora. Amma kafin in zauna sai da na ɗauki bencin na juya shi ya fuskanci mota.

Guntuwar muciyar tana cikin akwatin kayan aikina har yau. Sandar Arɗo kuwa da ita ake tuƙa tuwon da nake ci, kuma duk ranar da na fara cika baki a gida, Habsu ɗaga ta kawai take yi.